Silima a Falo: Abin da Mai Haɗa Sifikun Gida a Misfala Ya Kamata Ya Sani

Silimar gida haɗin sifiku ne da ake girkawa tare da talabijin domin sauti ya riƙa iske mai kallo ta gaba da ta gefe da ta baya, kamar yadda ake ji a zauren silima. Abin da ya jawo buƙatarta shi ne sirancewar talabijin. Tsohon akwatin talabijin yana da ciki, sifikarsa tana da wurin yin amo. Na yanzu kaurinsa bai wuce yatsu biyu ba, sifikunsa ƙanana ne, galibi kuma suna fuskantar ƙasa ko bango. Hoto ya yi kyau, murya ta shaƙe. Shi ya sa ake samun gida da talabijin mai inci 65, amma dattijon gidan kullum yana tambayar me aka ce.

Misfala unguwa ce a kudu da Harami, titin Ibrahim Khalil ya ratsa ta har wajen Kudai, kuma Hausawa sun daɗe a cikinta: akwai zuriyar mahajjatan da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙasa, akwai waɗanda aiki ko karatu ya kawo daga baya. Zaman da aka fi yi a wannan yanki na shiƙƙa ne a gidan bene, bangon siminti, daɓen tayil, esi na ruri mafi yawan shekara, maƙwabci a sama, maƙwabci a ƙasa. Takardar bayani da ke zuwa cikin kwalin kaya tana zana ɗaki ne mai kujera a tsakiya da fili a bayanta. Majalisin gidan Makka kuwa kushin ko tumtum ne jere a jikin bango, jama'a na zaune ta ɓangare uku. Wanda zai sayi kayan sauti karon farko ya auna ɗakinsa kafin ya nufi kanti, don ɗakin ne zai faɗa masa abin da zai saya.

Lambobin da ake gani a jikin kwali, 2.1 da 5.1 da 7.1, lissafin sifiku ne. Lambar farko adadin sifikun da ke ɗauke da murya da sauran sauti, ta biyu adadin wufa, wato akwatin da ke fitar da kakkauran amo irin na tsawa da rugugin mota. A tsarin 5.1 akwai sifika ɗaya a tsakiya, biyu a dama da hagu na talabijin, biyu a gefen mai kallo, sai wufa ɗaya. Wannan tsari ya fara yaɗuwa a gidajen silima ne da Dolby Digital daga 1992, DTS ya biyo baya a 1993 da fim ɗin Jurassic Park, sannan faifan DVD ya kai shi gidajen mutane. Idan aka ga lamba ta uku, kamar 5.1.2, ana nufin sifiku biyu masu kawo sauti daga sama, tsarin Dolby Atmos da ya fito a 2012.

Yawan sifiku ba ya amfani sai idan abin da ake kallo an naɗe shi a tsarin da ya dace da su. A nan ne masu sayen farko suka fi asarar kuɗi. Gidan da aka fi kunna tashar Alƙur'ani mai watsa sallolin Harami, da tafsiri a YouTube, da Labarina ko Daɗin Kowa, abin da ke shigo masa kusan duka sautin layi biyu ne, dama da hagu. Amfilifaya, wato na'urar da ke ƙarfafa sauti ta raba wa sifiku, na iya watsa shi zuwa sifiku biyar, amma ba za ta ƙirƙiro abin da ba a naɗa ba. Finafinan Netflix da faifan Blu-ray su ne suka fi zuwa da cikakken 5.1. Ga gidan da karatu da wa'azi da hira suka fi yawa, tsarin 3.1, wato dama da hagu da tsakiya da wufa, ya fi 7.1 mai araha nesa ba kusa ba. Sifikar tsakiya ita ce ke ɗauke da kusan dukkan maganar fim, kuma ita ta cancanci kaso mai tsoka na kuɗin.

Hanyoyin haɗawa uku ne. Akwai doguwar sifika guda da ake kwantarwa ƙarƙashin talabijin, sau da yawa tare da wufa mara waya. Ba ta da wahalar girkawa, kuma ga ƙaramar shiƙƙar haya da ba a yarda a huda bango ba, babu abin kunya a zaɓenta. Akwai haɗin kwali ɗaya, amfilifaya da ƙananan sifiku biyar da wufa, mai sauƙin kuɗi amma idan ɗaya ta lalace ba a cika samun madadinta ba. Sai hanya ta uku, sayen amfilifayar silima daban, irin na Yamaha ko Denon ko Sony ko Onkyo, a haɗa ta da sifikun da mutum ya zaɓa. Wannan ta fi tsada da farko, amma tana ba da damar farawa da sifiku biyu masu kyau, a ƙara ta tsakiya bayan wata biyu, a ƙara wufa baɗi. Sifika mai kyau tana shekara ashirin tana aiki, amfilifaya ce kawai ke tsufa idan fasaha ta sauya.

Maganar wat ita ce tarkon da ya fi kama mutane. Kwali na iya ɗauke da rubutun wat 3000 da manyan haruffa, a gefensa an sa PMPO da ƙanana. Wannan ma'auni na talla ne, ba shi da ƙa'idar da kamfanoni suka yarda da ita. Abin dubawa shi ne RMS, ƙarfin da na'urar ke iya bayarwa a kai a kai ga kowace sifika. Ko shi ɗin ma bai kai yadda ake zato ba. Ninka ƙarfi daga wat 50 zuwa 100 yana ƙara desibel 3 ne kacal a ma'aunin sauti, ƙarin da kunne ke ji kaɗan. Kafin kunne ya ji sauti ya ninka sai an ninka ƙarfin kusan sau goma. Sifikar da aka rubuta wa desibel 88 tana ba da wannan ƙara ne da wat ɗaya tak a nisan mita ɗaya. Ke nan wat 50 zuwa 80 na gaskiya a kowane layi ya ishi majalisi mai mita 4 da 5 har ya yi saura. Lambar da ta fi bukatar kulawa ita ce ta om: yawancin sifikun gida 6 ne ko 8, kuma masu om 4 suna jan wuta da yawa, suna sa ƙaramar amfilifaya ta yi zafi ta kashe kanta.

Wurin ajiye sifiku ya fi kowane abu tasiri, kuma kyauta ne. Ta tsakiya ta zauna daidai ƙarƙashin talabijin ko samansa, a bakin kanta, kada a tura ta can cikin loko inda katako zai shaƙe ta. Na dama da hagu su buɗe kamar digiri 22 zuwa 30 daga inda ake zama. Idan mai kallo yana nisan mita 3 da talabijin, tazarar da ke tsakaninsu za ta kama mita 2.5 zuwa 3.5, a ɗan karkato da su su kalli wurin zaman. Tsayinsu ya zo daidai kunne. Wannan na da muhimmanci a gidan da ake zama a ƙasa: kunnen wanda ya jingina da tumtum bai kai mita ɗaya daga daɓe ba, don haka sifikar da aka maƙala kusa da silin tana harba muryarta ne sama da kan kowa. Idan dole ne a ɗaga ta saboda yara, a sunkuyar da ita ƙasa.

Sifikun gefe su ne ke ba da matsala a majalisi. Ƙa'idar Hukumar Sadarwa ta Duniya ta ajiye su a digiri 100 zuwa 120, wato gefe da ɗan baya kaɗan. Wanda bayansa ke manne da bango ba shi da baya, saboda haka sai a sa su a bangon dama da hagu, daidai layin zama, sama da kai da kamar rabin mita, don kada su yi ta ƙara a kunnen mutum ɗaya. Tsarin 7.1 yana neman fili a bayan kujera, kuma a irin wannan ɗaki sifiku biyun ƙarin kuɗi ne a banza.

Daga nan sai amsa-kuwwa. Tayil da siminti da gilashin taga suna mayar da sauti, kalma ta hau kan kalma, mai kallo ya ƙara murya, abin ya ƙara cakuɗewa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a tsaya tsakiyar ɗaki a tafa sau ɗaya, idan an ji ƙarar ta ja wutsiya, ɗakin na bukatar laushi. Kafet mai kauri tsakanin talabijin da wurin zama, labule mai nauyi a taga, kushin da matasai, kantar littattafai a bango, duk suna shanye amon. Majalisin gargajiya mai shimfiɗa daga bango zuwa bango ya riga ya yi rabin wannan aiki, kuma sau da yawa ya fi falon zamani mai ƙyalli daɗin sauti.

Wufa ba ta da takamaiman wuri, domin kunne ba ya gane inda amon da ke ƙasa da haz 80 ya fito. Amma kusurwar ɗaki tana kumbura amonta, wani wuri kuma yana haɗiye shi. Dabarar da masana suka saba ita ce a ɗora wufar a wurin zama, a kunna abu mai kaurin amo, a bi gefen bango a durƙushe ana saurare. Inda amon ya fito sumul, ba gunji, nan ne mazauninta. A gidan bene akwai abin da ya fi wannan nauyi. Kakkauran amo yana bin siminti ya sauka ɗakin maƙwabci ko da mai shi bai ji ya yi yawa ba, kuma a Misfala wanda ke ƙasa yana iya zama tsoho, ko mara lafiya, ko alhajin da ya dawo daga ɗawafi yana neman barcin awa biyu kafin asuba. A ɗora wufar kan roba mai kauri ko kafet ninki biyu, a janye ta daga bangon da aka haɗa da wani gida, a kuma kunna tsarin dare da kusan kowace amfilifaya ke da shi, wanda ke danne fashewa ya ɗaga magana. Dokar kiyaye ɗa'a a bainar jama'a da Saudiyya ta fara aiki da ita a 2019 ta sa tarar riyal 500 kan ƙure kiɗa a unguwar zama, da riyal 1000 kan kunna shi lokacin kiran salla da salla. Haƙƙin maƙwabci ya riga dokar zuwa. Kunnen masu gidan ma yana da haƙƙi: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta wa babba desibel 80 na awa 40 a mako, kuma lokacin yana raguwa da sauri idan ƙara ta hau.

Wayoyi ba su da rikici sosai. A bayan talabijin akwai ramin HDMI ɗaya da aka rubuta wa ARC ko eARC. Shi ake haɗawa da mai irin wannan rubutu a amfilifaya, waya ɗaya ta ɗauki sauti, rimot ɗin talabijin kuma ya riƙa sarrafa murya. Wayar haske ta tsofaffin na'urori tana ɗaukar 5.1 amma ba ta ɗaukar Atmos. Wayar sifika ta jan ƙarfe mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta isa, sai idan nisan ya wuce mita 15 a koma 2.5, masu tsadar da ake cewa suna gyara sauti ba su fi ta da komai ba. Wajen ɗaura wayar, ja ya tafi ja, baƙi ya tafi baƙi a kowace sifika, domin idan aka juya ɗaya kaurin sauti zai zube, murya ta rasa tsakiya. Bayan haɗawa, a dasa 'yar makirfo da ke zuwa da amfilifaya a tsayin kunne, a kashe esi na 'yan mintuna, a bar na'urar ta auna ɗakin da kanta. Yamaha na kiran nata tsarin YPAO, Denon na amfani da Audyssey. Idan ta tambaya ko sifikun manya ne ko ƙanana, a zaɓi ƙanana muddin akwai wufa, a sa iyakar da ke tsakaninsu da wufar a haz 80. Idan har yanzu magana na ɓacewa cikin rurin esi, a ƙara wa ta tsakiya desibel 2 ko 3.

Wutar lantarki na bukatar dubawa kafin a soka komai. A 2010 Saudiyya ta yanke shawarar komawa bolt 230, amma tsofaffin gine-gine na iya kasancewa da soket na 127 da na 220 a gida ɗaya. Amfilifaya ta hannu da aka shigo da ita daga Amurka galibi ta bolt 120 ce, kuma 230 zai ƙone ta nan take. Zafin Makka yana wuce digiri 40 a bazara, amfilifaya kuma tana fitar da nata zafin ta sama, don haka a bar mata sarari kamar tafin hannu a kanta, kada a ɗora mata risiba, kada a kulle ta a kabad, a riƙa share ƙurar ramukanta.

Wajen saye, manyan kantuna irin su eXtra da Jarir suna ba da rasit, kuma dokar kasuwanci ta ƙasar ta tanadi garantin shekara biyu ga kayan lantarki, saboda haka rasit abin adanawa ne. Mai saye ya tafi da karatu ko shirin da kunnensa ya saba da shi a waya, ya nemi a kunna masa da murya ƙasa-ƙasa. Sifikar da ta fitar da harafi tsaf a hankali ita ce mai kyau. Alhajin da ke son kai kayan gida tsaraba ya duba cewa an rubuta 220 zuwa 240 da haz 50/60 a bayansu, domin wutar Saudiyya haz 60 ce, ta Najeriya da Nijar 50, kuma ya tanadi sitabilaiza kafin ya kunna su a Kano ko Maraɗi. Ga majalisin shiƙƙa a Misfala, amfilifaya matsakaiciya da sifiku uku masu kyau a gaba, da ƙaramar wufa a kan kafet mai kauri, sun wadatar; sifikun gefe suna iya jira har a ga ana kallon abin da ke bukatarsu.