Yaushe Ya Kamata a Ajiye Cebur?

A gefen garin Mudurnu na ƙasar Turkiyya akwai wani kwari cike da gidaje iri ɗaya sak, kowanne da hasumiya mai tsini. Sunan wurin Burj Al Babas. Kamfanin Sarot ne ya fara aikin a 2014, da niyyar gina gidajen hutu 732 domin masu hannu da shuni daga ƙasashen Larabawa irin su Kuwait da Saudiyya, waɗanda za su riƙa zuwa shaƙatawa a ruwan zafin da ke ɓuɓɓugowa a yankin. An tayar da 587, sannan aiki ya tsaya cak. A ƙarshen 2018 kotu ta bayyana cewa kamfanin ya karye, bashin dala miliyan 27 na kansa.

Alamar farko ta bayyana tun kafin kotu. Ginin ya dogara ne da kuɗin da masu saye ke biya kashi-kashi. Da farashin mai ya faɗi, sai wasu suka fara jan ƙafa wajen biya, wasu suka janye. Daga baya darajar lira ta rushe, kayan gini suka yi tsada. Gidan hutu ba abinci ba ne. In aljihu ya yi zafi, shi ake fara yafewa.

A ganina, a wannan gaɓar ce ya kamata mai aiki ya zauna da alƙalami. Tambayar ba "nawa na riga na kashe?" ba ce, domin wancan kuɗin ya tafi, ko an ci gaba ko an tsaya. Tambayar ita ce: nawa ya rage a kashe, kuma wa zai biya? Idan amsar ita ce sai an ci sabon bashi don biyan tsohon, ko sai an karɓi kuɗin sabon mai saye don rufa wa na baya baki, to ana zuba ruwa ne a kwando.

Abin da ke hana mutane tsayawa galibi kunya ce: me za a ce? Alhali tsayawa ba lallai ta zama watsarwa ba. Ana iya kammala gida hamsin, a ja musu ruwa da wuta, a sayar da sauran filin ko a nemi abokin tarayya. Gida hamsin da ake kwana a ciki suna kawo kuɗin haya. Kango ɗari biyar kuwa sai dai su ci kuɗin maigadi, damina tana ɓarar da fentinsu.