Dodo da Ɗakin Taro: Saɓanin Masoya Kan Fim Ɗin Shin Godzilla

A shekarar 2016 kamfanin Toho ya fitar da Shin Godzilla, ƙarƙashin jagorancin Hideaki Anno da Shinji Higuchi. Duk da cewa ya zama gwarzon fim a kyaututtukan Japan Academy na 2017, masoyan wannan dodo sun rabu gida biyu a kansa.

Ɓangare na farko na kokawa cewa ba a ganin dodon sosai. Maimakon rugurguza birni, sai dogayen tarurrukan ministoci da jami'ai masu maganar sauri, kowa na gudun yanke hukunci. Wannan ya fi gajiyar da mai kallon da ke bin rubutacciyar fassara a ƙasan allo.

Ɓangare na biyu kuwa na ganin tarurrukan nan su ne ƙashin bayan fim ɗin. Suna tuna girgizar ƙasa da ambaliyar teku ta 11 ga Maris 2011, da hatsarin tashar nukiliya ta Fukushima, inda aka zargi hukuma da jan ƙafa. A wurinsu, dodon da ke sauya kama kafin kwamiti ya tashi daga zama, siffa ce ta bala'in da ya fi gwamnati sauri.

Tarihi na ƙarfafa wannan fahimta. Godzilla na farko, na Ishiro Honda, ya fito a 1954, watanni bayan ƙurar gwajin bam na Amurka a Bikini ta sauka kan masuntan Japan. Saboda haka tushen gardamar shi ne matsayin dodon kansa: abin nishaɗi ne, ko kuwa hanyar da al'umma ke tunawa da rauninta.