Harira, Abincin Buɗa-baki a Ƙasar Maroko

A ƙasar Maroko, daga Fas har Marrakesh, idan ladan ya kira magariba, da dabino da harira ake buɗa baki. Harira wani romo ne na tumatir da albasa da naman rago da wake iri biyu, adas da hummus. Akan dama garin alkama a zuba, ta yi kauri kamar kunu. Hikimar ita ce, cikin da ya wuni babu komai, abu mai ɗumi da laushi yake buƙata. Wanda ya cika tumbinsa da abinci mai nauyi tun magariba, tsayuwar asham za ta gagare shi. Allah ya karɓi ibadarmu, amin.