Dogari da saniyar ɓarna

Da damina a ƙasar Arewa ta Nijar, daga Matankari har Tibiri, idan saniya ta faɗa gonar hatsi, dogari ko ɗan aiken maigari ne ke ɗaura mata igiya ya ja ta zuwa ƙofar fada. Ga shi riƙe da dabbar wani tsakar rana, mai ita na biye yana kumfar baki, amma ba wanda zai ce masa ɓarawo. Kowa ya san wanda ya aiko shi, kuma wanda ya mare shi sarki ya mara.

Jandarma ko ɗan duwan da ya tare babur a hanyar da ta fito daga iyakar Kebbi zuwa Dogon Dutsi, ya zaro ƙunshin tabar wiwi daga cikin buhun dusa, irin wannan igiya ce a hannunsa. Dokar yaƙi da ƙwayoyi mai lamba 99-42 ta 1999 ta hana riƙe wiwi, shi kuwa sai ya riƙe ta, ya auna, ya rubuta, ya kwana da ita a ofis kafin ta isa gaban alƙali. Abin da ya raba shi da ɗan fasa-ƙwauri, aike ne kawai.

A Amurka abin ya rikice, don dogarin can sarki biyu gare shi. Jiha ta ce a ba masu noman wiwi na magani lasisi, dokar tarayya ta 1970 ta ce laifi ne. Shi ya sa a 2011 gwamnar jihar Washington, Christine Gregoire, ta soke wasu sassa na irin wannan doka, don kada a gurfanar da ma'aikatanta kan aikin da ita ta sa su.

Mu nan sarkin ɗaya ne, damuwarmu daban. Ma'aikacin a cikin gari yake haya, matarsa rijiya ɗaya take ɗiba da uwar yaron da ya kama. Kafin magariba an aiko dattijai biko, bayan isha'i waya ta shigo daga sama: "A sassauta, yaronmu ne." Ya ƙi, wata mai zuwa ya ji an yi masa canjin wurin aiki zuwa can ƙuryar hamada. Kuma kuɗin da ke cikin harkar wiwi ba na wasa ba ne: a Maris 2021 hukumar yaƙi da fataucin ƙwayoyi, OCRTIS, ta kama tan 17 na wiwi a Yamai.

Sai dai dogarin da ya karkata da saniya kasuwa, rigarsa ba ta cetonsa, kuma bai kamata ta cece shi ba. A auna kayan da aka kama gaban shaidu, a liƙe, a ƙone a bainar jama'a. Wanda takardarsa ta fita tsaf, gwamnati ta ɗaukar masa lauya idan aka kai shi ƙara, kuma kada a ɗaga shi daga wurin aikinsa sai an rubuta dalili.