Ƙara wa kwamfuta gudu: ina riba, ina asara?

Yau kwamfuta, wadda da yawa daga cikinmu ke kira ordinatar, ta shiga kasuwa kamar yadda salula ta shiga. In mun zaga babbar kasuwar Maraɗi ko kasuwar Dole ta Damagaram, za mu gan ta a shagon mai buga takardu, da wurin mai aika kuɗi, da teburin ɗan kasuwar da ke rubuta kaya da bashi. Akwai iyaye mata da suka ɗauki adashi suka saya wa yaro don ya samu abin yi. Ranar da ta fara nauyi, sai mai gyara ya ce: "Hajiya, bari in yi mata filashin, in ƙara mata gudu." Kafin mu ce to, ya kamata mu san abin da za a yi wa dukiyarmu.

Cikin akwatin kwamfuta akwai babban allo wanda dukan sauran kayan ke liƙe a jikinsa. A kan allon nan akwai wani ɗan guntu, bai kai farce ba, mai ɗauke da umarnin farko da ake kira biyos. Shi ke tada na'urar in an kunna, ya duba kayan ciki, ya yanke yawan wutar da kowane zai samu. Filashin shi ne a goge umarnin nan a rubuta sabo. Aikin minti kaɗan ne, amma in kuran ya ɗauke ana tsakiya, tsohon ya tafi, sabon bai gama shiga ba. Sai a kunna, fanka ta juya, fuskar ta zauna baƙa. Haka kuma in an zuba biyos na wani allo daban.

Duniya ta ga girman wannan haɗari ranar 26 ga Afrilu 1999, lokacin da wata cutar kwamfuta mai suna CIH, wadda wani ɗalibi a Taiwan ya rubuta a 1998, ta tashi ta goge biyos na na'urori masu yawa, har suka kasa kunnuwa. Shi ya sa wasu kamfanoni ke sa biyos biyu a allo ɗaya, in ɗaya ya lalace ɗayan ya tada na'urar. Amma ba kowane allo ke da wannan gata ba.

Ƙarin gudu kuwa magana ce ta daban. Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana da gudun da kamfani ya yanka mata, ya kuma ba da garanti a kansa. Wasu sukan shiga biyos su tura ta ta wuce nan. A 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata ƙwaƙwalwa mai araha, Celeron 300A, mai gudun megahaz 300. Masu sha'awar abin suka gano tana iya kai 450, wato an samu ƙarin rabi ba a biya ko dala ba. Sai dai a shekarun 1990 ɗin nan macuta ma sun ga hanya: su goge lambar da ke jikin ƙwaƙwalwa mai araha, su buga ta mai tsada, su tura gudunta, su sayar. Wannan na cikin dalilan da suka sa Intel ya kulle gudun yawancin kayansa. Mu ƴan kasuwa mun san irin wannan, mudu ne aka bugi gindinsa.

Matsalar tana wurin wuta. Kuran da ke zuwa shagunanmu bolt 220 ne, amma ƙwaƙwalwa ba ta shan abin da ya wuce bolt ɗaya da ɗan kai. In an ƙara mata gudu sai ta fara tuntuɓe, don haka mai gyara yakan ƙara mata wuta ta tsaya daidai. To zafi ba ya tashi daidai da wuta, ya fi ta sauri. In an ƙara wuta kashi 10 cikin 100, zafi yana ƙaruwa kusan kashi 21, kafin ma a lissafa na ƙarin gudun. Yawancin ƙwaƙwalen zamani iyakarsu digiri 95 zuwa 100, daga nan sai su rage gudu da kansu ko su mutu. Waɗanda ke wannan wasa a Turai suna da ɗaki mai sanyi da manyan fankoki. Mu kuwa a watan Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40, ga ƙurar hunturu ta toshe fanka tun kafin nan. Jakin da aka ƙara wa buhu zai kai kasuwa yau da gobe, amma ba zai daɗe ba.

Kada mu ɗauka sai ƙaramin mai gyara ke kuskuren wuta. A Afrilu 2023 wasu ƙwaƙwalen AMD masu suna Ryzen 7000X3D sun ƙone a kan allo, kamfanin ya fitar da sabon biyos da ya hana wutar wani sashensu wuce bolt 1,3. A Yuli 2024 Intel ya yarda cewa wuta mai yawa ce ke lalata wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14. Ya fitar da gyara ta hanyar biyos a Agusta da Satumba, ya ƙara shekara 2 a kan garanti. Amma wadda ta riga ta taɓu, filashin ba ya warkar da ita. A nan mun ga cewa filashin yana da ranarsa: in kamfani ya fitar da shi don toshe wata ɓaraka, yana ceton na'ura.

To me za mu yi? In kwamfuta tana aikinta lafiya, mu bar biyos ɗinta. In filashin ya zama dole, mu tambayi mai gyara wace matsala zai magance, mu ga ya karanta lambar allon da idonsa, ya ɗauko biyos daga wurin kamfanin da ya ƙera shi. Kada a fara sai an haɗa ondilar mai cikakken batir, kuma an kwafe littafin bashi da lissafin kaya a kile. In an taɓa gudu na'urar ta ƙi tashi, sau da yawa cire ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke kan allo na ɗan lokaci yana mayar da ita yadda take.

Mu sani kuma, yawancin kwamfutocin ofis da ake kawo mana na hannu, da na ɗauka a jaka, a kulle suke. A kayan Intel na tebur, galibi masu harafin K a lambarsu ne ke karɓar ƙarin gudu. Wanda ya karɓi jika biyu ko uku ya ce ya ƙara wa irin waccan gudu, mu ce ya nuna mana. Kuɗin nan sun fi amfani in an share ƙura, an sake man da ke tsakanin ƙwaƙwalwa da fanka, an ƙara ma'ajin RAM, ko an sauya tsohon faifai da SSD. Masu sayarwa kuma, in na'ura an taɓa tura ta, a faɗa wa mai saye. Ciniki ɗaya ba ya gina shago, mai dawowa ke gina shi.