Gidanka Ne, Amma Ba Kai Ne Alƙali Ba

Daga Hotoro zuwa Gyadi-Gyadi da Tarauni a birnin Kano, yawancin masu gidajen haya ba attajirai ba ne. Tsohon ma'aikaci ne da ya zuba kuɗin sallamarsa a ciki da falo guda huɗu, ko uwar marayun da ke jiran kuɗin haya ta biya na makaranta. Albarkacin Asibitin Malam Aminu Kano da defon mai na Hotoro, ba a rasa masu neman wurin zama. Abin da ake rasawa shi ne takarda.

Dillali ya kawo mutum, an ga fuskarsa ta mutunci ce, an karɓi kuɗin shekara, dillali ya soke la'adarsa ya yi gaba. Shekara ta zagayo, ɗan haya ya ƙi biya, ya ƙi tashi. Nan ne zuciya ke ɗibar mai gida: ya garƙame ƙofa da kwaɗo, ya yanke wuta, wani har ya sa kafinta ya ɗaye kwanon rufi ana tsakiyar damina. Duk wanda ya yi haka ya miƙa wa ɗan haya sandar dukansa, domin kotu na iya cin sa diyya ko da shi ke bin bashi. Kai ƙara caji ofis ma ɓata lokaci ne. Rikicin haya ba hurumin 'yan sanda ba ne.

Hanyar doka tana da tsawo, amma ita kaɗai ke ɓullewa. Idan babu wata yarjejeniya a rubuce, mai biyan wata-wata notis ɗin wata guda ake ba shi, mai biyan shekara kuwa wata 6. In wa'adin ya cika bai fita ba, sai a ƙara masa takardar kwana 7 mai sanar da shi za a je kotu. Alƙali ne ke ba da umarnin fitarwa, ma'aikatan kotu su zartar. Kuskure a notis na iya jawo wa shari'a tsaiko, shi ya sa kuɗin lauya a nan ba asara ba ne. Rubutacciyar yarjejeniya kuwa tana rage wannan wahala: ranar shiga, ranar fita, wa zai yi gyara, wa zai biya kuɗin wutar KEDCO. Da yawa sai bayan ɗan haya ya kwashe kayansa suke tarar da tulin bashin wuta a kan gidansu.

Mai shirin sayen gida don ya zuba 'yan haya, nasa haɗarin ya fi girma. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filaye a hannun gwamna, kuma sayar da fili mai satifiket sai da amincewarsa. Takardar ciniki mai hatimin mai unguwa shaida ce, amma ba ta kai satifiket ba, balle a filin awon igiya. A je hukumar filaye ta KANGIS a bincika sunan wa ke kan fayil, a tambayi hukumar tsara birane ta KNUPDA ko ginin na da izini, ko ya hau hanya ko magudanar ruwa. Wanda ya ga rusau ɗin Yunin 2023 a Otal ɗin Daula da Filin Idi ya san takarda ma kan gamu da gardama, ina ga wanda bai riƙe komai ba?

Gidan gado kuma, kada babban wa ya ce maka "ni ne wakilin kowa" ka yarda. Nemi takardar rabon gado daga kotun shari'a, kowane magaji ya sa hannu, har matan da ke gidajen aurensu.

Don Allah, kafin ka miƙa mukulli ko ka tura kuɗi, a zauna a rubuta, shaidu biyu su sa hannu, kowa ya riƙe kwafinsa.