Awon motocin kaya: wa ke biyan tara?

Da kaka ta yi, manyan motoci suna cika tashoshin Maraɗi. Wasu suna ɗaukar wake da aya, su bi ta Tibiri zuwa Ƙonni da Yamai. Wasu suna bi ta wajen Jiratawa zuwa Ɗan Isa, su shiga Najeriya ta Jibiya. Sau da yawa ana yi musu lodin da ya fi ƙarfinsu.

Lodi mai yawa shi ke kashe gudron. Masana hanya sun auna: in nauyin da ke kan gatarin mota ya ninka biyu, ɓarnarsa ga hanya tana ninka wajen sau 16. In hanya ta lalace, kuɗin mota ya hau. Tumatir da zogalen Jiratawa su lalace kafin su kai kasuwa mai nisa.

Don haka a shekarar 2005 ƙasashe 8 masu kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, har da Nijar, suka yi doka ɗaya. Sunanta doka mai lamba 14. Ta ce a hau da manyan motoci kan sikeli. Babbar tirela mai gatari 6, ita da kayanta, kada ta wuce tan 51.

Dokar ta yanka tara. Kowane tan da ya yi sama, jika 20 ne ga mota mai yawo cikin ƙasa. Ga mai ƙetare iyaka, jika 60 ne. Kuma sai an sauke rarar kayan kafin mota ta tashi.

Ga lissafi mai sauƙi. Buhu 10 masu kilo 100 su ne tan 1. Ke nan buhu ɗaya na rara yana jawo tarar jika 2. In za a ƙetare iyaka, jika 6.

To, wa ke biya? A gaban hukuma, mai sufuri, wato wanda ke juya motar, shi ake kamawa. Amma a bakin sikeli gardama ke tashi. Direba ya ce mai kaya ya ɓoye nauyi. Mai kaya ya ce ɗan kamasho ya ƙara buhunan wani. A ƙarshe ɗan kasuwa ya rage kuɗin da yake sayen amfanin gona, don ya mai da asararsa. Haka tara ke komawa kan manomi.

Maganin abin yana wurin lodi. Manoman da suka haɗa kaya su auna buhunansu, su ƙidaya su gaban direba. Magatakardan ƙungiya ya rubuta yawan buhu da nauyinsu. Ya rubuta sunan wanda zai biya in an sami rara. Mai mota da mai kaya su sa hannu gaban shaidu, kowa ya riƙe takardarsa.

Wanda ya iya karatu da lissafi ba a ɗora masa tarar wani.